Lauya a Bakin Iyaka: Tarihin Ƙungiyoyin Lauyoyi da Shari'ar Ƙetare a Afirka ta Yamma

Gabatarwa

Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiya ce da ba ta wuce kilomita 100 ba. Harshen kasuwa ɗaya ne, auratayya tana gudana, kaya kuma suna shiga suna fita ta Jibiya dare da rana. Sai dai ranar da ciniki ya ɓaci, wani ya hana wani kuɗinsa, a ranar ce mutanen biyu suke tuna cewa ƙasashe biyu suke. Lauyan da ya saba tsaya wa Bakatsine a babbar kotun jiharsa ba shi da izinin buɗe baki a gaban alƙalin Maraɗi. Littattafan da ya karanta ba su ne ake aiki da su a can ba, harshen kotun ma ba wanda ya koya ba ne.

Izinin lauya yana ƙarewa ne a inda ƙasarsa ta ƙare, alhali rigingimun mutane ba su san iyaka ba. Wannan giɓi shi ne ƙungiyoyin lauyoyi suka daɗe suna ƙoƙarin cikewa. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan ƙoƙari a Nijeriya da maƙwabtanta, ta nuna abin da aka cim ma, da abin da ya gagara, da kuma abin da aka samu aka sake rasawa.

Kafin a shata iyaka

Kafin zuwan Turawa, fataken ƙasar Hausa suna kaiwa Agadas da Borno da Gwanja, kuma ba su rasa inda za su kai kuka idan an zalunce su. Alƙalan manyan birane da yawa littattafan fiƙihun Malikiyya suke karantawa, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, saboda haka hukuncin bashi ko na amana a Kano bai yi nisa da na Agadas ba. Malamai su ma suna yawo da iliminsu. Shehu Magili, wanda ya zo daga arewacin Afirka a ƙarshen ƙarni na 15, ya ratsa ƙasar Azbin, ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma rubuta masa nasiha kan mulki da shari'a.

A zango kuwa, maigidan da ke saukar da baƙi shi ne garkuwar farke. Shi ne ya san dillalai, ya san sarkin gari, yake tsaya wa baƙonsa lamuni, yake kuma yi masa magana idan rigima ta taso. Fiƙihu ya yarda mutum ya naɗa wakili ya yi magana a madadinsa a gaban alƙali. Babu wata ƙungiya mai rajista a wancan zamani, amma akwai abubuwa biyu da lauyan ƙetare yake nema har yau: doka da aka yi tarayya a kanta, da amintaccen mutum a can ɗaya gefen.

Gado biyu daga Turawa

A ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Sai a bakin Kwara zuwa Barwa a gaɓar tafkin Cadi. An yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906 har ya zama iyakar Nijeriya da Nijar ta yau, mai tsawon kimanin kilomita 1,500. Layin ya raba ƙasa, ya kuma raba tsarin shari'a gida biyu.

A kudancin layin, Ingilishi suka kawo dokarsu wadda ta dogara ƙwarai ga hukunce-hukuncen da manyan alƙalai suka yanke a baya. Mai son zama lauya sai ya tafi Landan ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen lauyoyi huɗu da ke can. Christopher Sapara Williams, wanda aka yi wa izini a 1879, shi ake ɗauka lauyan farko ɗan Nijeriya. Arewa ta daɗe ba ta sami nata ba, har sai 1955 da Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori ya zama lauya. Wani ɓangare na dalilin jinkirin shi ne Gwamna Lugga da magadansa sun hana lauyoyi shiga kotunan alƙalai da na sarakuna. Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya, wato NBA, tana ƙirga kafuwarta daga 1933, makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa kuma ta buɗe a Legas a Janairun 1963 da ɗalibai 8.

Tun da duk a gida ɗaya aka yi musu horo, lauyoyin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya sun kasance kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1928, ta haɗa ƙasashen huɗu na tsawon shekaru kafin Nijeriya ta fice a tsakiyar shekarun 1950. Bayan samun mulkin kai ma zumuncin bai yanke ba. Mai shari'a Udo Udoma ya zama alƙalin alƙalan Uganda a 1963, Akinola Aguda ya riƙe wannan muƙami a Botsuwana daga 1972, Emmanuel Ayoola kuma a Gambiya daga 1983.

A arewacin layin kuwa, Faransawa suka shimfiɗa tsarin da ya dogara ga rubutattun kundaye. Dokar 1903 ta sanya babbar kotun ɗaukaka ƙara ta yankinsu a Dakar. Lauyoyin wancan zamani Gwamna Janar ne yake naɗa su, kuma su ma an hana su shiga kotunan talakawan ƙasa. Sai daga baya aka sami majalisun lauyoyi masu cin gashin kansu irin na Faransa, inda kowane lauya dole ya kasance cikin rajistar majalisa, a ƙarƙashin shugaba da ake kira batoniye. Asalin wannan suna daga sanda ne, domin a Faransa ta dā shugaban lauyoyi shi yake riƙe sandar ƙungiya a wurin biki, kamar dai sandar girma a wurin sarakunanmu.

Sakamakon wannan gado yana nan har gobe. Wata dokar 1922 ta sa hukuncin babbar kotun Ingila, da na wasu tsofaffin ƙasashen da Ingila ta mallaka kamar Gana da Saliyo, ana iya yi masa rajista a Nijeriya a zartar da shi. Hukuncin kotun Maraɗi ba ya cikin wannan jeri. Ke nan Landan ta fi Maraɗi kusa da Katsina a idon doka.

Ƙungiyoyin duniya

Lauyoyin Turai su ne suka fara jin zafin irin wannan rarrabuwa. A 1927 lauyoyin Beljiyam da Faransa da Lukzambur suka kafa ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa da ƙasa da aka fi sani da UIA. Bayan yaƙin duniya na biyu, a Fabrairun 1947, wakilan ƙungiyoyin lauyoyi 34 suka haɗu a birnin Niyok suka kafa IBA, wadda yanzu hedikwatarta take Landan.

Aikin irin waɗannan ƙungiyoyi ya kasu kashi huɗu. Na farko shi ne sada zumunci, domin lauya ya san wanda zai miƙa wa shari'ar mai gidansa a wata ƙasa. Na biyu shi ne shimfiɗa ƙa'idojin da kowa zai bi. A 1956 IBA ta fitar da kundin ɗa'a na lauyoyin da ke aiki tsakanin ƙasashe. A 1999 kuma ta fitar da ƙa'idojin gabatar da hujja a zaman sulhu na ƙasa da ƙasa, waɗanda suka ɗebo wani abu daga tsarin Ingilishi, wani daga na Faransanci, don kada lauyoyin gidajen biyu su ɓata lokaci suna gardama a kan hanya tun kafin a shiga ainihin magana. Na uku shi ne horo. Na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi a ƙasashenmu, shi ne kariya. A 1990, a birnin Habana, taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idoji kan aikin lauya, waɗanda suka ce kada a ɗora wa lauya laifin wanda yake karewa, a bar shi ya yi tafiya ya gana da mai shari'arsa a gida da waje, a kuma bar lauyoyi su kafa ƙungiyoyinsu masu mulkin kansu. A 1995 IBA ta buɗe cibiyar kare haƙƙin ɗan Adam, Nelson Mandela ya zama shugabanta na girmamawa.

Legas, 1961 da 1962

Shekaru biyu a jere sun nuna fuskoki biyu na al'amarin a birni guda. A Janairun 1961 hukumar masana shari'a ta duniya ta tara alƙalai da lauyoyi da malaman doka 194 a Legas, daga ƙasashen Afirka 23 da wasu 9 na waje. Masu Ingilishi da masu Faransanci suka zauna a zaure ɗaya. Sanarwar da suka fitar, wadda ake kira Dokar Legas, ta nemi gwamnatocin Afirka su duba yiwuwar ƙulla yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam, tare da kotun da kowane mutum zai iya kai ƙara gabanta. Sai da aka shekara 20 kafin a sami yarjejeniyar, a 1981, kotun kuma ba ta fara aiki ba sai a 2006. Amma irin da ya tsira, lauyoyi ne suka shuka shi.

A shekarar da ta biyo bayan taron, aka gurfanar da Cif Obafemi Awolowo bisa tuhumar yunƙurin kifar da gwamnati. Ya ɗauko wani babban lauya mai suna Gratiaen daga Landan, sai jami'an shige da fice suka hana shi shiga ƙasa bisa umarnin ministan cikin gida, Alhaji Usman Sarki. Awolowo ya kai ƙara yana cewa kundin tsarin mulki ya ba shi damar ɗaukar lauyan da yake so. Kotu ta ce wannan dama ba ta tilasta wa gwamnati buɗe wa baƙo ƙofar ƙasa ba. Darasin a bayyane yake: ko lauya yana da ilimi da izini, mabuɗin iyaka yana hannun hukuma.

Zoben da ya kewaye Nijeriya

Ƙasashen da ke amfani da Faransanci sun riga kowa nisa wajen haɗa kan doka. A ranar 17 ga Oktoba 1993, a tsibirin Morishus, suka rattaba hannu kan yarjejeniyar OHADA, wadda ta mayar da dokokin kasuwancinsu ɗaya. Yanzu ƙasashe 17 ne a ciki. Dokar kamfanoni, da ta jingina, da ta karɓo bashi, da ta ɗaukar kaya a mota, duk kalma ɗaya ce daga Dakar har Kinshasa. Kotun ƙarshe a kan waɗannan dokoki tana Abijan, sakatariya tana Yawunde, makarantar horar da alƙalai da ma'aikatan shari'a kuma tana Porto Novo. Benin da Nijar da Cadi da Kamaru duk suna ciki. Wato duk ƙasar da Nijeriya ta yi iyakar tudu da ita, dokar kasuwancin OHADA take bi, Nijeriya kaɗai ce a waje.

Haɗa doka bai wadatar ba idan lauyan ba zai iya bin ta zuwa ƙetare ba. Nan ne majalisun lauyoyi suka shigo. Tun 1985 suna da babban taronsu na ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, wanda ake kira CIB, akwai kuma cibiyar horar da matasan lauyoyi a Kwatano. A ƙasashe 8 na yammacin Afirka masu kuɗin sefa, wato UEMOA, an fitar da doka a 2006 da ta ba lauya damar zirga-zirga da buɗe ofis a kowace ƙasa ta ƙungiyar. A Satumbar 2014 aka ƙara wata da ta daidaita sharuɗɗan shiga sana'ar, da horo, da ladabtarwa. Ta kuma tanadi asusu na musamman a ƙarƙashin majalisar lauyoyi, inda ake ajiye kuɗin masu shari'a don kada su cakuɗe da na lauya. Da wannan, lauyan Yamai yana iya tsayawa a kotun Lome ko ta Bamako. Amma Sakkwato da ke kusa da shi ta fi ƙarfinsa. Dokar Nijeriya ta ba alƙalin alƙalai damar yi wa baƙon lauya izini don shari'a guda, da sharaɗin tsarin dokar ƙasarsa ya yi kama da na Nijeriya, sharaɗin da ya fi dacewa da mutumin Gana ko Ingila.

Kamaru ta nuna cewa wannan rarrabuwa ba wasan malamai ba ce. A can gadon biyu suna zaune a ƙasa ɗaya, kuma lauyoyinta masu Ingilishi da dama a makarantar lauyoyi ta Nijeriya suka yi horo. A Oktoban 2016 lauyoyin yankunan Bamenda da Buya suka shiga yajin aiki. Cikin kukansu akwai rashin fassarar dokokin OHADA zuwa Ingilishi a hukumance, da turo musu alƙalan da ba su san tsarin dokarsu ba. Malaman makaranta suka mara musu baya, hukuma ta mayar da martani da ƙarfi, aka kama jagorori irin su lauya Felix Agbor Balla a Janairun 2017. Abin da ya fara da rigar lauya ya rikiɗe ya zama yaƙin da ya ci rayuka masu yawa, ya kuma koro dubban mutane zuwa Nijeriya.

Ɗan kasuwa da ƙofar kotu

Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ita ce ta haɗa gidajen biyu a inuwa ɗaya. An tanadi kotunta tun 1991, amma sai a 2001 aka rantsar da alƙalan farko, mai shari'a Hansine Donli ta Nijeriya ta zama shugaba, mazaunin kotun kuma Abuja. Shekaru suka wuce alƙalai na zaune babu shari'a, domin gwamnatoci kaɗai aka yarda su shigar da ƙara, gwamnatoci kuwa ba sa kai juna kotu.

A Agustan 2003 Nijeriya ta rufe iyakarta da Benin. Wani ɗan kasuwa mai suna Olajide Afolabi, wanda cinikinsa ya lalace a Seme, ya kai ƙasarsa ƙara cewa ta karya yarjejeniyar zirga-zirgar mutane da kaya. A Afrilun 2004 kotun ta sallami ƙarar ba tare da duba gaskiyarsa ba, saboda ɗaiɗaikun mutane ba su da hurumin zuwa gabanta. Afolabi ya faɗi, amma faɗuwarsa ta zama hujja. Alƙalan kotun da kansu suka shiga neman gyara, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka tashi, a wannan shekarar kuma aka ɗaga ƙungiyar lauyoyin Afirka ta Yamma, wato WABA, wadda lauyan nan na Legas, Femi Falana, ya shugabanta. A Janairun 2005, a birnin Akara, shugabannin ƙasashe suka amince da ƙarin yarjejeniya. Daga ranar, duk wanda aka tauye wa haƙƙinsa na ɗan Adam yana iya zuwa kotun kai tsaye, ba sai ya gama zagaya kotunan ƙasarsa ba.

Ga lauyoyi, wannan sabuwar duniya ce. Abin da kotun take nema daga lauya shi ne takardar shaida cewa yana da izinin aiki a kotun wata ƙasa ta ƙungiyar. Rajistar da ya yi a gida ta zama mabuɗin wata kotu da ke wajen ƙasarsa, inda lauyan Yamai da na Kano suka riƙa tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Abin lura shi ne ƙofar da aka buɗe ta haƙƙin ɗan Adam ce. Ɗan kasuwa irin Afolabi, wanda kukansa na ciniki ne, bai sami faffaɗar hanyar da ya nema ba.

Shari'ar Hadizatu Mani

Babu shari'ar da ta nuna amfanin wannan ƙofa kamar ta Hadizatu Mani, 'yar jihar Tawa a Nijar. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan sefa 240,000 ga wani dattijo a yankin Birnin Ƙonni, a ƙarƙashin al'adar nan ta wahaya. Ta shekara 9 tana bauta. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka a 2003, a 2005 kuma mutumin ya ba ta takardar 'yanci, sai dai ya ce ai matarsa ce, ba za ta tafi ba. Kotun farko ta ce babu aure, ta sama ta rushe hukuncin. Da ta auri wanda take so, sai aka tuhume ta da aure kan aure, aka yanke mata ɗaurin wata 6.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar Timidria ta Nijar, mai yaƙi da bauta, ita ce ta san ƙauyen, ta san mutanen. Lauya Abdurrahman Shu'aibu na majalisar lauyoyin Nijar shi yake da izinin tsayawa, ya kuma san dokar ƙasar. Wata ƙungiyar lauyoyin haƙƙin ɗan Adam da ke Landan, mai suna Interights, ta kawo masaniya kan hukunce-hukuncen kotunan duniya game da bauta, tsohuwar ƙungiyar yaƙi da bauta ta Ingila ta tallafa. Saboda mai ƙara ba ta da halin zuwa Abuja da shaidunta, kotun ta taso ta zauna a Yamai a Afrilun 2008, a ƙarƙashin mai shari'a Aminata Malle Sanogo ta Mali. A ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa Hadizatu ta yi zaman bauta, hukumomin Nijar kuma sun gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnatin Nijar ta karɓi hukuncin, ta biya.

Kare kotun da kanta

Kotun da ke hukunta gwamnatoci ba ta rasa maƙiya. A Yunin 2008 ta sami Gambiya da laifin tsare ɗan jarida Ebrima Manneh, wanda aka kama a 2006 ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ta ce a sake shi a biya dala 100,000. Gwamnatin Yahya Jammeh ba ta bi ba. A 2009 ma sai ta kawo shawarar a rage wa kotun iko, a wajabta wa mai ƙara ya gama da kotunan gida tukuna. WABA da ƙungiyoyin 'yan jarida da na kare haƙƙi suka bazama, suka fallasa shawarar, suka halarci tarukan masana, suka tuntuɓi ma'aikatun shari'a. A Oktoban 2009 ministocin shari'a na yankin suka yi watsi da ita.

A kudancin Afirka labarin ya sha bamban. Kotun ƙungiyar SADC ta yanke hukunci a kan Zimbabuwe a 2008 game da ƙwace gonaki, shugabanni suka dakatar da ita a 2010, daga baya suka rubuta sabuwar yarjejeniya da ta hana ɗaiɗaikun mutane zuwa. Ƙungiyar lauyoyin Afirka ta Kudu ta kai shugaban ƙasarta ƙara, a Disamban 2018 kotun tsarin mulki ta ce hannun da ya sa a rushe kotun ya saɓa wa doka. An yi nasara a takarda, amma kotun ba ta dawo ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kammalawa

A ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Lauyoyi daga Nijar da Senegal da Kodibuwa da Amurka suka haɗu suka tsaya wa hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum, a ranar 15 ga Disamba kotun ECOWAS ta ba da umarnin a sake shi, ba a bi ba. A Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka bayyana ficewarsu daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025. Ko me mutum yake gani game da siyasar lamarin, sakamakonsa ga talaka ɗaya ne: ƙofar da Hadizatu ta bi ta rufe ga 'yar'uwarta ta yau. Akwai wata a Arusha, kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, wadda Nijar ta amince a 2021 mutane su kai ta ƙara gabanta, kuma ƙungiyar lauyoyin Afirka ta PALU, da aka kafa a 2002, tana can tana tsaya wa marasa hali. Sai dai Arusha tana da nisa, kuma sai an gama da kotunan gida kafin a je.

A fagen ciniki kuwa, a Yamai ne aka ƙaddamar da yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a ranar 7 ga Yuli 2019, a nan ne kuma Nijeriya ta sa hannu. Wata ɗaya bayan haka Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu har zuwa Disamban 2020. Ga ɗan kasuwa mai babban ciniki, hanyar da ta fi tabbas a yau ita ce ya rubuta sharaɗin sulhu cikin yarjejeniyarsa, domin Nijar tun 1964, Nijeriya kuma tun 1970, sun shiga yarjejeniyar Niyok ta 1958 wadda ta wajabta zartar da hukuncin masu sulhu na wata ƙasa. Ƙaramin ɗan kasuwar Jibiya ko Maigatari ko Illela, shi har yanzu maigida da dillali da sarkin kasuwa yake komawa, kamar kakanninsa.

Tarihin nan ya nuna cewa ƙungiyoyin lauyoyi sun fi yin ƙarfi a cikin gidan da Turawa suka bar kowa. Masu Ingilishi sun riƙe juna, masu Faransanci sun riƙe juna, ɗinkin da ke tsakani ne ya rage, shi ne kuwa ya ratsa tsakiyar ƙasar Hausa. Duk da haka akwai abin da lauyan Katsina da na Maraɗi suke da shi wanda na Legas da na Kwatano ba lallai su samu ba. Ɗaya ya yi karatu da Ingilishi, ɗaya da Faransanci, amma idan suka zauna za su tattauna da Hausa, harshen da masu shari'arsu suke kawo kuka da shi. Ɗalibin Hausa da ya ƙware a fassarar kalmomin shari'a tsakanin harsunan uku yana da gurbi a wannan zama, domin sai an daidaita abin da ake nufi da jingina da lamuni da amana kafin a daidaita doka.